Alƙibla Ta Koma Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ina nan ƙalau.

Kai kam ba zan ɓoye maka ba. An rufe masaƙar da nake aiki, na nemi wani aikin har na gaji, kuma mai gida ya ce in bar ɗakin ƙarshen wata. Kada Inna ta ji.

Ranar da na tare a ɗakin nan na auna alƙibla da fitowar rana, na yi alama a bango. Jiya maƙwabcina direba ya tarar ina salla, ya duba wayarsa. Da na sallame ya yi dariya ya ce, "Malam, ai tun zuwanka baya ka ba ta!"

Ya ce Allah na ji ta kowace kusurwa. Na yarda, amma raina bai kwanta ba. Ko tafiyar ma haka na auna ta?

Na juya darduma. Yanzu ƙofar fita nake fuskanta, ban san ko gida ake nuna mini ko titi ba. Ka roƙa mini Allah Ya zaɓa, don na daina yarda da awona.

Ƙaninka