Rasuwar Baba Almakashi, Wanda Ya Bar Wa Matafiyi Gaisuwarsa

Cikin alhini, da miƙa wuya ga hukuncin Mai rayawa Mai kashewa, Ƙungiyar Injiniyoyin Sadarwar Wayar Salula ta samu labarin rasuwar ubanta kuma malaminta, tsohon Shugaban Kwamitin Bincike, mamba a Majalisar Amintattu, Babban Injiniya, dattijon arzikin da kowa a wannan sana'a ya fi sani da Baba Almakashi, wanda Allah Ya karɓi ransa a asibiti bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Jama'a da yawa sun ci moriyar hannun Marigayi ba tare da sun taɓa ganin fuskarsa ba, saboda haka wajibi ne a kanmu mu faɗi abin da ya ƙarar da rayuwarsa a kai. Duk sa'ad da mutum yake magana a waya, wayar da turken sadarwa suna ta aika wa juna wasu sigina da babu magana a cikinsu, amfaninsu kawai su auna hanyar da ke tsakaninsu don kada murya ta ɓace. Mu siginar awo muke ce musu, shi kuwa gaisuwa yake kiran su. Ba a yi sai da su, amma hanyar iska ƙunci gare ta, kuma duk gurbin da gaisuwa ta ci, magana aka tauye wa. Tun yana da baƙin gashi har furfura ta cinye kansa, Marigayi yana ɗan ɗakin gwajin nan na ƙarshen baranda, mai fankar da ƙararta ta fi iskarta, yana neman inda zai datse gaisuwar nan ba tare da kira ya lalace ba. Nan laƙabinsa ya samo asali. Abin da ya sa muke tsokanarsa kuwa, shi da ya rage wa na'urori gaisuwa, in ya tare ka a matakala sai ya tambayi iyalinka ɗaya bayan ɗaya, har da ciwon gwiwar surukinka, ka koma ka tarar shayinka ya huce.

Babban abin da Ƙungiya take gode masa a kai, duk da haka, shi ne wurin da ya ƙi sa almakashi. Da kamfanoni suka ga yadda bincikensa ya buɗe gurbi, sai suka nemi a yi ragin bai ɗaya a kan kowace waya, domin turke guda ya ɗauki ƙarin masu kira. Marigayi ya kafe. Ya nuna cewa wayar da ke ajiye a kan tebur hanyarta ba ta sauyawa, awo kaɗan ya wadatar da ita, amma wadda ke cikin mota a guje hanyarta tana sauyawa kafin ƙiftawar ido, in aka rage mata, kiran zai yanke a daidai lokacin da mai shi ya fi bukatarsa. Waɗanda suka zauna a taron ba za su manta da kalmominsa ba: “Na gida, sannu ta ishe shi. Matafiyi kuwa, yi ta tambayarsa hanya har ya sauka.” An ce masa mai taurin kai, an janye wa ɗakin gwajinsa tallafi, bai ja da baya ba. Ya riƙa shiga motar haya da na'urar awo a cinya, yana kai da komo a doguwar hanyar nan mai ratsa duwatsu, inda direbobi suka saba da katsewar kira kamar yadda suka saba da ramuka, har sai da ya kawo hujjar da ba mai iya turewa. A ƙarshe tsarinsa aka ɗauka: turke ya bambance na zaune da mai tafiya, ya ba kowa gwargwadon bukatarsa.

A madadin Mai Girma Shugaban Ƙungiya, da Majalisar Amintattu, da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga maiɗakinsa, uwarmu mai haƙuri wadda ta jure shekarun da ɗakin gwaji ya fi ta ganin mijinta, da 'ya'yansa, da jikokinsa, da ƙannensa, da almajiransa na sana'a waɗanda yau suke riƙe da manyan kujeru. Allah Ya ba su juriyar wannan babban rashi, Ya tsaya musu a inda shi yake tsayawa.

Da izinin iyalin muke bayyana abin da ya biyo baya. Ranar da jikinsa ya tsananta, autarsa, wadda aure ya kai gari mai nisa, tana cikin mota a kan waccan hanya ta duwatsu, tana fargabar ba za ta riske shi da rai ba. Mahaifiyarta ta kira ta, ta kara masa wayar a kunne. Motar na gudu, kiran bai yanke ba. Ya tambaye ta hanya, ya tambayi maigidanta, ya tambayi yaran kowa da sunansa, ya tambaya ko ta sa wani abu a cikinta, sannan ya sa mata albarka. Kafin ta iso ya cika. Da tawagarmu ta je gaisuwa, autar ce ta rarrashe mu, ta ce: “Ban same shi ba, amma Baba bai rage mini komai ba.”

Mun gode, Baba. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa mala'ikun rahama su tarbe ka da sallama cikakkiya, tun da yau kai ne matafiyin.

Sa hannu:
Ɗan Matakala, kamar yadda Marigayi yake kira na,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Injiniyoyin Sadarwar Wayar Salula.