Giwan Ruwan da Baba Ba Zai Ci Ba

Hay el-Sabi', Alƙahira

Zuwa ga Yayata Balki,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam da yara da duk mutanen Yauri. Mu ma nan lafiya lau muke. Maigidana Abdulhadi na ta fama da aikinsu na ofishin jakadanci, 'yarmu Ummul-Khairi kuwa Larabcin Masar ya zauna mata a baki, har ni take yi wa gyara in na je cefane. Na zaɓi in rubuto miki ne domin in na kira waya, Baba na gefe yana kasa kunne, ba dama in yi gulmarsa yadda nake so.

Kin san an cire masa yanar idon dama, kuma alhamdu lillahi aiki ya yi kyau. Saura na hagu, wanda likita ya ce in aka ƙyale shi zai iya mutuwa gaba ɗaya. To, Baba ya kafe. Ya ce ido ɗaya ya ishe shi ganin alƙibla da kwanon tuwo, a yanko masa tikiti ya koma gida. Ban ga laifinsa sosai ba, Yaya. Mutumin da ya tsufa a cikin kwalekwale, yau ga shi a saman bene, ba abin da yake ji sai ƙarar motoci. Na lallashe shi, na yi fushi, har kuka na yi, ko gezau.

Marta, abokiyar aikin Abdulhadi 'yar Jos, ita ta kawo dabara. Ta ce sun taɓa zuwa wani masauki a bakin babban tafkin da ke bayan garin Aswan a kudancin ƙasar, inda baƙi ke kwana, da safe a fita da su kamun kifi a jirgin ruwa. Daga nan kuma mota kan ratsa hamada da mutum zuwa wani masaukin a gaɓar Bahar Maliya, ya gwada kifin ruwan gishiri. Muka ce bari mu ja hankalinsa da wannan, ko ya ƙara zama. Da Abdulhadi ya nuna masa hoton giwan ruwan tafkin a waya, maza biyu sun rungume shi da ƙyar, sai da Baba ya miƙe tsaye. Ya ce rabonsa da ganin irin wannan tun yana saurayi, kafin manyan su ƙare a ruwanmu. Amma kin san Baba da ciniki. Ya ce ya yarda da tafiyar, sai dai daga bakin ruwa sai filin jirgi, ba ruwansa da wuƙar likita.

Duk da haka gidan ya canza. Baba ya dawo da cin abinci har da ƙari. Ya hana mu sakat da tambaya: wace irin ƙugiya suke da ita, zurfin ruwan nawa ne, akwai kada? Ya sa Abdulhadi ya nemo rabin ganga da ragar waya, wai zai yi banda a can bakin ruwa, ya cika buhu. Har ya gama rabo a baki tun kifin na cikin ruwa: kai na Kawu Khalilu ne, tsakiya taku, ni da na yi ɗawainiya wai jela ce tawa. Ni ma na biye masa, na sayo gishiri da barkono kamar mai shirin biki.

Ana cikin haka Abdulhadi ya kira mai masaukin tafkin, wani Banube, ɗan ƙabilar yankin, mai suna Mazin, don ya tambayi inda za mu kafa gangarmu. Mutumin ya yi ta dariya, sannan ya ce ma'alish, wato mu yi haƙuri, a wurinsu ba a yanka babban giwan ruwa. In ka kama, a auna, a ɗauke ku hoto, ka mayar da shi ruwa da hannunka. Ƙananan karfasa kawai ake gasawa a ci. Yaya, da kin ga fuskar Baba da aka fassara masa! Ya ce tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin masuncin da ya kama arziki ya sallame shi ba, in 'yan Yauri suka ji sai su ce Masar ta taɓa masa kai. Ya ce khalas, wato shi ke nan, kalma ɗaya tilo da ya koya a garin nan, a fasa komai. Ya shige ɗaki. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin na ga ido ya tafi, tafiya ma ta tafi, ga ganga ta tare mini baranda.

Washegari da hantsi ina wanke-wanke ya zo ya tsaya a ƙofar kicin, abin da bai taɓa yi ba. Ya tambaye ni ko da gaske kowa mayarwa yake yi. Na ce haka aka ce. Sai ya ce ashe shi ya sa nasu kifayen suke girma haka, mu kuwa mun cinye namu tun suna yara. Har na ɗauka ya gama. Can sai ya ce in kira likita in sa rana. Wai tunda ba ci zai yi ba, kallo kaɗai ne rabonsa a kifin nan, to wallahi ba zai yi doguwar tafiya har Aswan ya kalle shi da ido ɗaya ba. Na zauna a kan bokiti ina dariya ina hawaye, shi kuma yana faɗa wai in tashi kumfa na zuba.

An sa aikin mako mai zuwa in Allah Ya yarda. Tafiyar kuma mun ɗaga sai likita ya ba shi izinin shiga rana da iska. Ku taya mu da addu'a, a kuma sa yara su yi.

Ki gaishe mini da Malam, da Inna Juwairiyya, da Al'amin da ƙannensa. Ki gai da Kawu Khalilu, ki ba shi haƙuri, kan kifinsa na nan a jikin mai shi. Abdulhadi da Ummul-Khairi na gaishe ku. Baba ma na gaisuwa, ya ce kada ki kuskura ki faɗa wa kowa zancen mayarwar, shi zai faɗa da bakinsa in ya gani da idanunsa biyu.

Taki ƙanwa mai kewarki,
Hidaya