Baba, Inna Ta Zaɓi Ɗakinta a Ribaɗi

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Audu mai ruwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan kana cikin ni'imar Ubangiji, na zo ne in ba ka labarin Inna. Da kana raye kai za ka yanke wannan magana. Tunda ba ka nan, ga yadda ta kaya.

Kamfanin da surukinka Abu Salihu yake wa aiki ya mayar da shi Dammam, can gabas. Na ce wa Inna ta haɗa kaya mu tafi tare. Ta yi mini kallon nan da ka sani, ta ce, "Ni da ubanki da ƙafa muka tako daga Gobir don mu kusanci Ɗakin Allah. Yanzu da tsufana za ki ja ni in ba shi baya? Malam kuma da ke kwance a ƙasar Jidda, wa zan bar wa shi?"

Gidanmu na unguwar Mahjar kuwa ba zai zaunu gare ta ita kaɗai ba. Gwiwoyinta sun ƙi, idon hagu ya yi hazo. Akwai ranar da ta bar risho a kunne ta tayar da salla, sai da maƙwabta suka jiyo ƙauri.

Ita da bakinta ta ambaci ribaɗi, gidajen nan na waƙafi da masu hali suka gina wa tsofaffin mata. Baba, kuka na fashe da shi. Na ce mutanen unguwa za su ce na yar da uwata. Ta ce, "Mutanen unguwa ne za su miƙo mini buta? Yalla, sa abayarki mu je mu gani."

Na farko a cikin Balad yake, tsohon garin Jidda, ɗakunan duk a sama. Ta ɗora ƙafa a matakala, ta sauke, ta ce wannan sai mai gaggawar hawa sama tun ba a kira shi ba.

Na biyu ni kam ya kwanta mini. Ga tsabta, ga fanka, likita ma yana leƙowa. Matan ciki, Hadramawa da Buharawa, suka karɓe mu da shayi da fara'a. Inna ta sha, ta gode. Sai da muka fito titi ta ce, "Ya binti, Larabcina na kasuwa ne. Yana sayar da gyaɗa, amma ba ya hira. Ranar da ciwo ya kama ni, da wane baki zan yi raki?"

A bayan unguwar Bagdadiyya muka sami wani tsohon gida, gishirin teku ya cinye katangarsa. Ɗakunan a ƙasa, famfo ɗaya a tsakar gida, da dalbejiya mai inuwa. Mai kula da wurin ta ce babu ɗaki ko ɗaya. Mun juya ke nan wata tsohuwa a kan tabarma ta ɗaga murya da Hausa: "Ke mai tsagen Gobirawa, dawo in gan ki!"

Inna ta matsa, ta sunkuya, ta kai idonta mai kyau kusa da fuskar matar. Can ta ce, "Tabawa? Ashe ba ki mutu ba?" Tsohuwar ta ce, "Ke nake jira."

Baba, ashe tare kuka yi zaman jiran jirgin ruwa a Sawakin, can gaɓar Sudan. Tabawa ta ce da ruwan sha ya ƙare a tsakiyar teku, kai ka miƙa wa ɗanta gorarka, ka yini leɓenka a tsage. Ba ka taɓa faɗa mana ba. Tabawa ta juya ga mai kula ta ce ɗakinta zai ɗauki gado biyu. Inna ta zauna a tabarmar, ta cire takalmi, ta ce, "Halas, magana ta ƙare."

Mun kai mata gadonta, da akwatin ƙarfe, da buzun sallarka. Ranar tafiyarmu ta ƙulle wa jikokinka soyayyar gyaɗa, ta ja mini kunne kada in yi mata kuka a gaban ƙawayenta. Amma a bakin ƙofa ta riƙe tsintsiyar hannuna ta ƙi saki, har direba ya gaji da hon.

Har yau idan na zuba abinci nakan ɗauko kwanonta kafin in tuna. Sai dai jiya wani direban babbar mota ya kawo mini kaset daga wurinta. Gaisuwar kaɗan ce, sauran duk musu ne ita da Tabawa a kan wadda ta cika wa miya gishiri. A tsakiya Inna ta tuntsire da dariya har da tari. Rabona da jin wannan dariyar tun kana tsakar gida kana tsokanarta. Na mayar da wurin baya na sake ji, na sake ji.

Allah ya haskaka makwancinka, ya shayar da kai daga Alkausara. Allah ya ƙara wa Inna da Tabawa lafiya, ya saka wa wanda ya gina gidan nan, ya tara mu inda babu rabuwa. Amin.

'Yarka mai kewarka,
Rakiya