Kifin Baba da Gishirin Mama

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya hannun? Mama ta faɗa mini ka kwashe buroshinka duka ka ba makwabcinmu mai aski, wai ya riƙa kaɗe gashi da su. Raina ya ɓaci. Rabin allunan shagunan unguwarmu kai ka zana su, don hannu ya fara rawa sai ka ce ka gama?

Ga fentin ruwa nan da ƙaramin buroshi da takarda mai kauri na aiko. Ka zana mini kifi guda, bangon ɗakina fayau yake. A gaida Mama.

Autarka

Auta,

Na samu saƙo, Allah ya yi albarka. Amma wannan abin naki ba fenti ba ne, ruwan shayi ne. Na shafa, na jira ya bushe, na sake shafawa, na ƙara na uku, yadda nake yi wa kowane allo tun kafin a haife ki. Takardar ta kumbura ta yage. Abin da ya rage mamanki ta duba ta ce, "Wannan bulo ne ko takalmi?"

Ba zan ɓoye miki ba, na yi ƙwalla. Layi ɗaya miƙaƙƙe ya gagare ni. Mai zanen da ba ya iya jan layi ya tashi aiki. Kada ki ƙara aiko da komai.

Mahaifinki

Baba,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, amma takarda ka samu, ba allo ba. Shafa ɗaya ake yi. Ka fara jiƙa ta da ruwa, ka ɗiga launi, ka bar shi ya bi hanyarsa. Kuma don Allah, a ina ka taɓa ganin miƙaƙƙen layi a jikin kifi? Ka gwada sau ɗaya, in bai yi ba na yi shiru.

Autarka

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, labari ke cina. Na sayo kifi wurin mai kifi, na ajiye shi a faranti kan teburin kicin, na jiƙa takarda kamar yadda kika ce. Na ɗiga shuɗi, ya bazu. Hannun ya kama rawarsa, na ƙyale shi, sai ga wutsiya ta fito a karkace kamar tana kaɗa ruwa.

Ina cikin kallo mamanki ta gaji da jira. Ta ce, "Malam, kifin nan abincin rana ne, ba baƙo ba." Ta miƙo hannu ta saman kaina ta watsa masa gishiri, rabi ya zube a kan zanen. Na yi faɗa har makwabta suka leƙo. Da ya bushe na kakkaɓe, sai na ga ko'ina gishiri ya taɓa ya tsotse launin, ya bar ɗigo-ɗigo farare. Ɓawon kifi sak, Auta! Da hannuna yana lafiya ma ban taɓa fitar da irinsa ba.

Yanzu kicin ya zama nawa. Na gwada sukari, ya kira tururuwa. Kyandir yana hana launi zama, yana ba da ƙyallin cikin kifi. Soson wanke-wanke yana yin ciyawar ruwa. Mamanki ta ɓoye gishirinta, tana kuma gaya wa kowa ita ta koya mini zane.

Jiya na je wurin mai aski na ce ya ba ni kayana. Na wanke su tas. Kifinki na hanya.

Mahaifinki mai zane

Baba,

Ya iso lafiya, na rataye shi. Jikanka ya tsaya gabansa, can ya ruga ya ɗebo ruwa a kwano. Ya ce in sauko da shi maza kafin ya mutu.

Autarka