Kason Kawu Sale

Talata da dare, Batsari

Ina shirya darasin gobe Kawu Sale ya tambaye ni me nake rubutawa. Na ce yadda ake jera ƙasashe ne bisa kuɗin shiga, wai mu muna cikin masu matsakaicin samu. Ana haɗa abin da ƙasa ta samu a raba da yawan jama'a.

Sai ya ce, "To ɗana, kasona yana hannun wa?"

Mutumin da a da yake cika rumbu uku a ƙauyen Yasore. Damina biyu ke nan 'yan bindiga sun raba shi da gonarsa, a zaurena yake kwana.

Na koma kan rubutuna. Gobe kuma haka zan rubuta a allo, yara su kwafa.