Esin Ɗakin Maigida

Litinin, 3 ga Afrilu
Esin da ke sanyaya ɗakin Maigida ya tsaya. Wajen azahar na shiga in juya Maigida a kan gado, na tarar da ɗakin kamar tukunyar da aka rufe. Inda lambar sanyi take fitowa, wasu haruffa biyu ne, E da C, suna ta ƙiftawa. Na kashe na kunna. Ya ɗan yi aiki, ya sake mutuwa.

Abin takaicin, da hannunsa ya kafa shi. Mutumin da rabin unguwar nan shi ke gyara musu esi, ga shi kwance, ɓarin jiki ya shanye, magana ba ta fita. Ya kalli haruffan, ya kalle ni. Shi ya san abin da suke faɗa, ni ban sani ba.

Talata, 4 ga Afrilu
Autarmu ta duba a waya, wai gas ne ke zurarewa. Duk da haka na ciro rariyar tace ƙurar esin na wanke, don ita kaɗai na iya. Ba abin da ya canza.

Likita ya ja mini kunne kada bayansa ya riƙa jiƙewa da gumi, saboda gyambon kwanciya. Fanka kuwa zafin take juyawa kawai.

Alhamis, 6 ga Afrilu
Maƙwabta sun turo wani mai gyara daga can gefen gari, dogo, mai fara'a. Ya nuna mini ƙanƙara a jikin siririn bututun waje. "Hajiya, gas ne ya yi ƙasa. Yanzu za a ɗura." Ta taga Maigida yake jinsa. Sai ya hau buga ƙarfen gado da hannunsa mai lafiya, yana "A… a…" Na ɗauka ƙishirwa ce, na kawo ruwa. Ya ture kofin har ya jiƙa min zani.

An ɗura. Sanyi ya dawo. Na yi ta godiya kamar an ba ni kujerar Makka.

Asabar, 8 ga Afrilu
Yau ya yi barcin rana mai kyau. Ni ma.

Lahadi, 9 ga Afrilu
E da C.

Sai yanzu na gane bugun gadon nan. Sau nawa na ji shi a waya yana yi wa abokan aikinsa faɗa, ba a ɗura gas sai an gano inda yake fita. A kunnena duk wannan ya wuce, ina tsinke ganye, ban taɓa zaton zai zama nawa ba. Na ce, "Abin da kake nufi ke nan?" Ya rufe ido. Ko e ne, ko ya gaji da ni ne, oho.

Laraba, 12 ga Afrilu
Ƙanwarsa ta zo dubiya, ta ce baki ne aka yi wa na'urar. Na ce to bakin ya iya boko, tunda da haruffa yake zuwa. Auta ta yi dariya, ni kuwa na shiga bayi na yi kukana.

Mai gyara ya dawo, fara'ar ta ragu. Ya shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, ciki da waje, yana jiran ta yi ƙwai. Shiru. Ya nemi tabon mai a bakin nati, babu. Ya sa gejinsa na awon gas, allura tana sauka a hankali muna kallo. Ya ce hujin yana cikin bango, inda aka binne bututun. Ko a fasa, ko a ja sabo ta waje.

Na tambayi Maigida. In fasa bango ne ka matsa hannuna. Bai matsa ba. In sabo ne ka matsa. Bai matsa ba. Hawaye dai ya gangaro cikin kunnensa. Wajen kwankwasonsa ya fara ja, fatar ta yi laushi.

Wa zan tambaya kuma?

Juma'a, 14 ga Afrilu
Na ce a ja sabo. Ban sake shiga na tambayi Maigida ba. Ya tsani bututu a fili, yakan ce aikin ragwaye ne.

Litinin, 17 ga Afrilu
An gama. Farin bututu ya bi ta saman taga kamar maciji, muni dai ba a magana. Mai gyara ya zuƙe iskar ciki da injinsa, ya jira, allura ba ta motsa ba, sannan ya ɗura. Sanyi har da bargo. Jan da ke kwankwason bai ƙaru ba, alhamdu lillahi.

Yana naɗe kayansa a ƙofar ɗakin ya ce, "Hajiya, wanda ya kafa muku na farkon nan gwani ne. Tsufa ne kawai ya ci bututun. Wane ne?"

Na ce, "Maigidana ne. Da mai gyaran esi ne."

Da. Haka ta fito, ban shirya ta ba. Ƙofa a buɗe take, kuma Maigida idonsa biyu. Na tsaya ina jiran bakina ya gyara maganar. Sai na ji ina tambayar mutumin yaushe ya kamata a sake wanke rariya, kuma in ajiye lambarsa da wane suna.