'Yarmu a Kunnen Shugaban Ƙasa

Talata da yamma, daga masaukin bakin hanya

Maman yara,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya gajiyar asibiti, yaya masu haihuwa? Ina fatan kumburin ƙafarki ya saɓe, tarin Auta kuma ya lafa. Mu dai lafiya muke, ni da Inna da ƙanena Makanike, har da motarsa, wadda ta fi kowa shan addu'a.

Na san za ki yi dariya. Ɗazu muka yi waya, ga shi kuma ina rubuto wasiƙar da wataƙila zan riga ta isowa, in koma aiki gidan waya in tsince ta a buhu da hannuna. Amma kin san bakina. A waya gaisuwa kawai yake iyawa.

Da safe, bayan kin wuce da Auta, mun ɗan makara, kuma ni na jawo. Mun kai bakin titi na sa aka tsaya, na koma na taɓa kwaɗon ƙofa. Inna ta ce wannan ko a kabari aka sa shi sai ya leƙo ya ga ko an rufe da kyau.

Hanyar kuwa, da ma kina nan. An yi ruwa kafin mu iso, kwalta tana sheƙi, sama ta kwanta a kanta, sai ka ga kamar cikin gajimare motar take tafiya. Manyan motoci suna wuce mu da ƙananan tutoci a hanci, duk inda muka nufa suka nufa. Rediyo yana kawo kiɗan sojoji, ya ɓace a bayan dutse, ya sake dawowa. Mun hau wata gada mai tsawo, ruwan ƙarƙashinta bai ko motsi, wani mutum a kwalekwale yana tsaye kamar an zana shi. Inna ta yi barci da takalmanta sababbi a cinya, ta ce ba za su taɓa ƙasa ba sai a babban birni.

Ni ban runtsa ba, kuma ga dalili. Kin tuna ranar da muka raka 'yarmu tasha, da makarantarsu ta zaɓe ta cikin yaran da za su ɗaga kwalaye masu launi a bikin rantsar da sabon shugaban ƙasa? Yara dubbai a jere kan matakala, in an busa usur kowa ya ɗaga nasa, sai hoto ya fito. Kina can kina sayo mata ruwa ta leƙo ta taga ta ce, "Baba, ba sai ka sha wahalar zuwa ba, ai a bayan kwali nake, ba mai ganina." Sai na ji bakina ya ce, "Zan gan ki." Haka nan, ko in sha Allahu ban haɗa ba. Ni da ko mai wasiƙa ya tambaye ni ko wasiƙarsa za ta isa, sai dai in ce ya kamata ta isa.

Yarinyar da ba ta cika magana ba ta kalle ni ta yi murmushi. Ta yarda, Maman yara. Ban taɓa yi mata ƙarya ba. In an tashi daga biki za ta tambaye ni, kuma ban san abin da zan ce ba.

Ki shafa min kan Auta.

Naki,
Baban yara


Laraba, daga gidan ɗan'uwan Inna

Maman yara,

Gaisuwa irin ta jiya, da ƙari. Ina fatan kin samu kin ɗan kwanta tsakanin aiki. Mun iso da hantsi, motar ta yi zafi sau ɗaya, Makanike ya ba ta ruwa yana lallashinta kamar jaririya.

Birnin nan wari yake na sabon fenti. An shafe gefen tituna, an shafe gindin itatuwa, na ga ana wanke fitilun kan hanya da soso. Da muka wuce wani shatale-tale, ruwa yana tashi sama daga tsakiyarsa, iska ta watso mana shi ta taga. Inna ta sa takalmanta a nan cikin mota.

An hana iyaye ganin yaran sai an gama biki, amma malamarsu ta ara wa 'yarmu waya. Muryarta ta dushe saboda rana. Na tambaye ta a ina take zaune, ta ce a hoton ƙarshe, fuskar sabon shugaba, ita tana cikin kunnen hagu. Makanike ya fizge wayar ya ce, "Madalla, yau mun samu namu a kunnen gwamnati! Ki raɗa masa maganar hanyar unguwarmu." Na ji dariyarta daga inda nake.

Na yi murna har na ci abinci da yawa. Sai da na zo wanke hannu abin ya faɗo min: hagun wa? Na shugaban, ko na mai kallo, ko nata da take zaune a baya? Na sake kiran lambar, a kashe. Na tsaya gaban madubin gidan nan ina kama kunnuwana ɗaya bayan ɗaya, har matar gidan ta tambayi Inna a ɓoye ko ciwon kunne nake yi.

Da la'asar na taka zuwa filin ni kaɗai. Sojoji ba su bari a shiga ba, amma ta tsakanin ƙarafan ƙofa na hango matakalan, ba kowa a kai sai tantabaru. Sun yi nisa ƙwarai da inda za a zaunar da mu. Daga can mutum bai fi ƙwayar hatsi ba. Na daɗe ina kallo, har na fara ganin kamar kujerun suna numfashi.

Makanike ya ce in ta tambaya in ce na gan ta, shi ke nan, wa zai kai ni ƙara? Wataƙila shi ke da gaskiya. Na gwada faɗa a hanya, a hankali, amma ko a kunnena bai zauna ba.

Ki sa mu a addu'a gobe.

Naki,
Baban yara


Juma'a da safe, kafin mu kama hanya

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Auta, da fatan kun tashi lafiya. Na san kun kalli bikin a talabijin ɗin asibiti, amma abin da zan gaya miki bai fito a can ba.

Jiya tun da duku-duku muka shiga filin. Rana ta fito, masu badujala suka zagaya, sojoji suka wuce ƙafa ɗaya. A ɗaya gefen filin yaran suna zaune cikin fararen kaya, kamar an shanya auduga a kan dutse. Aka busa usur, sai auduga ta zama tutar ƙasa. Aka sake busawa, ta zama kogi, har igiyar ruwa tana tafiya daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan wani farin tsuntsu ya buɗe fukafukai yana kaɗawa a hankali. Na manta zafi, na manta ƙishirwa, na ji kamar mafarkin wani nake ciki.

Rantsuwar kanta ban ji ta sosai ba, lasifika tana maimaita kowace kalma. Ina ta kallon inda nake zaton kunnuwa za su fito, idona yana kai da komo har ya yi ruwa.

Usur na ƙarshe ya tashi daidai da jirage suna wucewa da hayaƙi mai launi. Kowa ya ɗaga kai sama. Ni ban ɗaga ba. Fuskar ta taso gaba ɗaya kamar daga cikin ruwa, goshi, ido, gemu. Amma a kunnen da ke wajen hannuna na dama akwai ɗan rami fari. A cikin ramin, wani ɗan kai a sunkuye, ana juya kwali ana duba bayansa. Numfashi ɗaya, sai kwalin ya tashi, kunne ya cike.

Ban ga idonta ba, nisan ya yi yawa. Amma sunkuyon nan na san shi. Shi nake yi a kan ambulan bayan na riga na karanta adireshi.

Mun same ta a bayan fili wajen motocin makaranta, zaune a gefen titi, yatsunta duk launi. Malamar ta riga ta yi mata faɗa. Ko gaisuwa ba ta iya ba sai kuka. Ta ce, "Baba, na ɓata kunnen. Na san launin, wallahi na sani, sai kawai na ji kamar in sake dubawa."

Inna ta ce, "Haba ƙawata, ni jirage nake kallo. Ko kan aka cire masa gaba ɗaya ban sani ba." Makanike ya rantse shi motocin manya yake ƙare wa kallo. 'Yarmu ta share hanci ta juyo wajena ta ce, "Kai fa?"

Na ce mata na ga ta sunkuya, ta juya kwalin, ta duba bayansa, sannan ta ɗaga. Ta daina kukan. Ta ce, "Daga can?" Na ce daga can. Ta daɗe tana kallona, sai dariya ta ƙwace mata da hawayen da komai.

A mota ta riƙe hannun rigata ta tambaye ni abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ta ce, "Baba, yaya hotunan suke?" Ashe duk makonnin nan da suka yi suna koyo a rana, bayan kwali kawai take gani da ƙeyar ta gabanta. Ba ta taɓa ganin kogin ba, ba ta san akwai tsuntsu ba.

Na fara ba ta labari tun daga tutar. Tana tsayar da ni, tana so ta ji ta wane gefe ruwan ya fara tafiya, wane launi ne a bakinsa. Har muka isa gidan ɗan'uwan Inna, har aka ci abinci, ban gama kogin ba. Malamar ta yarda 'yarmu ta biyo mu gida a motarmu. Yanzu haka tana tsaye a kaina da jakarta, Makanike yana ta danna hon, ita kuma ta ce in ajiye biron nan, saura tsuntsu.

Sai mun iso.

Naki har kullum,
Baban yara